An ce hantarsa ta tsage, amma likita ya ƙi yi masa tiyata

Tambaya: Ƙanena ya faɗi da babur, ƙarfe ya buge shi a haƙarƙarin dama. An yi masa hoton ciki an ga jini. Likita ya ce a ƙara hoton CT, sannan wai ba sai an yi tiyata ba. Shin hoton farko bai isa ba ne? Ko in ɗauke shi zuwa inda za su yi masa aiki?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki ɗauke shi, kuma ki yarda a yi hoton na biyu. Na farkon, wanda ake shafa wa ciki mai santsi a goga na'ura, aikinsa ɗaya ne: ya nuna ko jini ya taru a ciki, cikin 'yan mintuna. Ba ya faɗin zurfin raunin, kuma yakan tsallake raunin hanji. CT kuwa, wanda ake sa wani ruwa a jijiya kafin a ɗauka, shi ke nuna inda hantar ta tsage, ko akwai jijiyar da ke zuba har yanzu, da halin da saifa da ƙoda suke ciki. Da shi ake sa raunin a mataki, daga na 1 zuwa na 5.

Batun tiyata kuma, na san yadda yake a zuciya: ga jini a ciki, ga likita ya naɗe hannu. Ba sakaci ba ne. Abin da likita ke kallo shi ne bugun zuciya da awon jini, fiye da girman tsagewar. Muddin sun tsaya daram, mafi yawan irin wannan rauni da kansa yake daina zubar da jini, domin hanta tsoka ce mai saurin gyara kanta. Za ki ga ana yawan ɗaura masa ma'aunin jini a dantse, ana ɗibar jininsa bayan 'yan sa'o'i, ana danna cikin a ji ko ya yi tauri. Maganin ke nan. Idan CT ya nuna jijiya na zuba, a wasu asibitoci ana zura siririn bututu ta matsematsi a toshe ta ba tare da an buɗe cikin ba.

In jini ya ƙi tsayawa duk da ƙarin jini, sai ɗakin tiyata ba ɓata lokaci. A can ma ba ɗinki ake fara yi ba. Akan danne hantar da ƙyallayen tiyata, a cire su bayan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci a matse jijiyoyin da ke shiga hantar na ɗan lokaci, dabarar da wani likitan birnin Gilasgo na Scotland, James Hogarth Pringle, ya bayyana tun 1908. Don haka abin da za ki tambaya shi ne: akwai likitan tiyata da jinin ƙari a nan dare da rana? In babu, likitocin ne za su tura shi a motar asibiti, ba ke ba a motar gida.

Tambaya: An sallame ni bayan raunin hanta. Wane maganin ciwo zan saya, kuma ɗamarar ciki da magungunan “wanke hanta” suna da amfani?

Amsa: Malam, ka bar asfirin, ibuprofen da diclofenac har sai likitanka ya ba ka izini, suna iya tayar da zubar jini. Farasitamol ya fi, amma iya adadin da aka rubuta maka, don yawansa hantar yake ci. Na wanke hanta kuɗinka kawai za su wanke. Ɗamara sai in an yi maka tiyata kuma likita ya ce ka sa.

Ka haƙura da ƙwallo da ɗaukar kaya masu nauyi, galibi kamar wata uku. In ka ji jiri, ciwo ya ƙaru ko ya haura kafaɗar dama, zazzaɓi, ido ya yi rawaya, amai da jini ko baƙin bayan gida, koma asibiti a daren. Ruwan matsarmama kan yoyo, jini ma kan dawo, ko da makonni sun wuce.