Amsa kan shuka hatsi a inda aka cire wake

Ɗana, saƙonka ya iso, da fatan kana lafiya. Ka tambaye ni ko al'adar manoma ta shuka hatsi a gonar da aka cire wake ko gyada tana da tushe, ko kuwa gado ne kawai ake bi ido rufe. Tana da tushe. Tsohuwar al'ada ce ƙwarai, har Romawa sun rubuta ta ba tare da sun san dalilinta ba.

Dalilin yana cikin saiwa. Tumɓuke wake lokacin da ya fara fure, za ka ga 'yan ƙananan ƙululu manne da saiwarsa. Wasu na zaton cuta ce, alhali gidan wasu bakteriya ne da ake kira raizobiyam. Kashi 78 cikin 100 na iskar duniya naitirojin ne, wani sinadari da tsiro ke buƙata don girma, amma ba ya iya amfani da shi a haka, don ƙwayoyinsa a ɗaure suke biyu-biyu tamau. Bakteriyar nan ce ke kwance ɗaurin ta mayar da shi amoniya, wadda tsiro ke iya amfani da ita, tsiron kuma ya biya ta da sukarin da ganyensa ya haɗa.

Saiwar ce ma ke fara kira. Takan saki wani sinadari cikin ƙasa, bakteriyar ta amsa da nata, sai gashin saiwa ya lanƙwashe ya rungume ta, ta bi wani siririn bututu ta shige ciki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, oksijin na lalata sinadarin da ke aikin kwance naitirojin, saboda haka ƙululun ke yin wani jan abu dangin na jininmu da ke kama oksijin ɗin. Fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, aiki na tafiya, in fari ne ko kore, babu abin kirki.

Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar a 1886 cewa ta ƙululun nan wake ke samun naitirojin daga iska, Beijerinck na Holan ya ware bakteriyar a 1888.

Sai dai kada ka zaƙe wajen yabon al'adar. Yawancin naitirojin ɗin cikin ƙwaya da ganye yake tafiya, abin da ya rage a gona shi hatsi ke samu. Wanda ya girbe wake ya kwashe harawa kakaf, kaɗan ya bar wa hatsin baɗi. Kuma in ka zabga wa wake takin yuriya, sai ya rage yin ƙululu, tunda ya samu a sauƙaƙe. Takin fosfet ya fi buƙata.