Abin da koriyar fitilar fanel ba ta gaya maka

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke hawa tsani muna bin na'urorin gano hayaƙi ɗaya bayan ɗaya, alhali fanel, wato akwatin da na'urorin ƙararrawar gobara suke haɗe da shi, yana nuna koriyar fitila kuma bai nuna matsala ba. Koriyar fitilar nan tana shaida maka cewa wuta tana shiga fanel ne kawai, ba ta da masaniya ko na'urar da ke manne a silin tana iya jin hayaƙi.

Ka lura da abin da hazon hunturu yake yi mana a nan Kumasi. Ƙura tana shiga cikin na'urar ta kwanta a kan idon da yake hango hayaƙi, sai ta riƙa kuka babu dalili, har mai gini ya gaji ya ɗaure mata leda a ka. Na'urar da aka rufe da leda lafiyarta lau a wurin fanel, amma ko hayaƙi ya turnuƙe ɗakin ba za ta motsa ba. Saboda haka muke fesa mata hayaƙin gwangwani, mu jira jar fitilarta ta kama, sannan ka sauka ka duba ko fanel ya nuna sashen da ya dace. Ta kicin zafi take ji, da na'urar hura zafi ake gwada ta, kada ka kuskura ka kusantar da ashana.

Batir ya fi komai damuna, domin a ƙasar da aka san dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, shi ne yake riƙe ginin idan an ɗauke wuta. Ƙa'idar Ingila ta BS 5839 ta bukaci ya ɗauki fanel awa 24, sannan ya kaɗa ƙararrawa minti 30, kuma zafin garin nan yana cinye batir da wuri. Ka kashe wutar fanel da hannunka ka ga yadda zai yi.

Kafin ka taɓa komai ka sanar da mutanen ginin, musamman a otal ko asibiti. Bayan ka gama ka rubuta kwanan wata da kowace na'urar da ka gwada a littafin ginin, domin takardar shaidar da Hukumar Kashe Gobara ta Ghana take bayarwa duk shekara ake sabunta ta, kuma mai gini zai bukaci abin da zai nuna musu.