Azumin wanda aka cire wa tumbi saboda ciwon daji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata bakwai ke nan da aka yi wa maigidana aikin ciwon daji, aka cire masa tumbi gaba ɗaya. Loma huɗu ta ishe shi, ya rame, ko hira ya daina. Amma ya dage sai ya yi azumi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya.

Rangwamen mara lafiya babu saɓani a kansa. Kalmarki "gaba ɗaya" ce abin dubawa. Wanda aka haɗa maƙoshinsa da ƙaramin hanji ba shi da rumbun ajiyar sahur, shi ya sa ake sa shi cin kaɗan-kaɗan sau 6 zuwa 8 a yini. Ku tambayi likitansa. In ya ce zai iya nan gaba, ramuwa ce. In ya ce har abada ne, sai ciyar da miskini mudun Annabi kowace rana, wanda Malikiyya suke ɗauka mustahabbi.

Wasu za su ce ya kwana da niyya kullum, in ya galabaita ya sha. Ban yarda ba. Wannan fatawar manomi da ɗan dako ce, masu lafiyar da ba a san ko wahalar za ta kayar da su ba. Shi kuwa aya ta 185 a Baƙara ta ambaci uzurinsa, ba ta ce sai ya faɗi ba. Sannan cutarwar ba a yini kaɗai take ba. Ya wuni da yunwa ya kwankwaɗi kunu mai sukari ko zoɓo, cikin rabin awa sai gumi, jiri da bugun zuciya, don zaƙin ya zarce hanji kai tsaye. Wa zai ɗauki alhakin gwajin nan?

Shirun nan nasa ya fi damuna. Kada kowa ya ce masa raunin imani ne. Magidancin da ya saba sa hannu a kwano ɗaya da 'ya'yansa, yau tuwo ya gagare shi, dole ya ji. Ku gaya wa likita, kuma ku tabbatar ba a tsallake allurar bitamin B12 ba, don ƙarancinsa na kawo kasala da ƙunci. Ki zuba masa a ƙaramin kwano, ki bar ruwa sai bayan rabin awa, ki daina ƙirga masa loma. Abincin miskinan kuma, shi za ki ba ya miƙa da hannunsa.

Wallahu a'alam.