Ina Muryar Masu Cewa a Ajiye Makamai?

Tambaya: Malam, safe da yamma ina sauraren labaran duniya. Janar-janar da ministoci kawai nake ji, ba na jin masu cewa a daina yaƙi. Babu su ne, ko hana su magana ake yi? Daga wani malamin lakwal, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Malam, suna nan da yawansu. Ran 15 ga Fabrairu 2003, kafin Amurka ta afka wa Iraƙi, mutum wajen miliyan ɗaya suka fito zanga-zanga a Landan kaɗai. Amma da ƙungiyar FAIR, mai sa ido kan kafafen yaɗa labarai a Amurka, ta ƙirga waɗanda manyan tashoshin talbijin na Amurka suka ba dama a makonni ukun farko na yaƙin, kashi 10 cikin ɗari ne kawai masu adawa da shi.

Wani wurin doka ce ke rufe baki: a Maris 2022 Rasha ta sa ɗaurin da zai kai shekara 15 kan abin da ta kira labarin ƙarya game da sojojinta. Sai dai galibi matsalar a ɗakin labarai take. Ma'aikatar tsaro tana da kakaki, da hotuna, da sanarwa kullum a kan lokaci. Ɗan jaridar da soja suka ɗauka a motarsu zuwa fagen daga, abin da suka nuna masa shi zai gani, in kuma ya ɓata musu rai gobe ba za a je da shi ba. Zanga-zanga labarin yini ɗaya ce. Ga tsoron a ce tasha ba ta kishin ƙasa: tashar talbijin ta MSNBC a Amurka ta soke shirin Phil Donahue, mai adawa da yaƙin Iraƙi, a watan Fabrairun nan na 2003, alhali ya fi sauran shirye-shiryenta masu kallo.

Mu nan mun ga akasin haka a Agusta 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta yi barazanar turo soja Nijar bayan juyin mulki. Malamai da sarakuna da sanatocin arewacin Najeriya suka ce a'a, aka kuwa ji su, don masu faɗa a ji ne, kuma wa zai yarda a raba Kano da Damagaram da bindiga?

Tambaya: Ƙungiyarmu ta mata tana son kiran sulhu a rediyo. Ta ina za mu fara? Daga wata baiwar Allah, Sabon Gari.

Amsa: Hajiya, ku zaɓi mutum ɗaya mai magana. Ku rubuta sanarwa shafi ɗaya, da Hausa da Faransanci, da lambar waya a ƙasa, ku kai wa shugaban sashen labarai da hantsi, kafin a haɗa labaran rana. Ku shirya magana ta daƙiƙa 30 mai buƙata guda ƙwaƙƙwara, misali a buɗe hanya kaza don hatsi ya wuce. Doguwar gaisuwa ita ke cinye lokacin, a yanke ku kafin ku zo kan batu. Kada ku faɗi adadin mamatan da ba ku tabbatar ba, kada ku zagi soja, don edita zai ajiye muryar gaba ɗaya ya tsare lasisinsa. In labarai sun ƙi, ku nemi shirin da ake buga waya kai tsaye.