Ɗigonka ya cika da allurai, kada ka ƙara PEG

Ɗana, ka ce duk ranar da ka leƙa ɗigon furotin ɗinka a maikuroskof sai ka tarar da ƙananan allurai na kiristal birjik kamar an watsa ƙaiƙayi, babu ko ɗaya mai kaurin da za a kai gaban hasken eksire don a gano siffar furotin ɗin, kuma kana shirin ƙara PEG, sinadarin da ke tilasta wa furotin fita daga ruwa ya zama kiristal. Dakata. Yawan PEG ɗin ne ya jawo maka wannan.

Haihuwar kiristal daban, girmansa daban. Ba ya haihuwa sai ruwan ya ƙoshi da furotin har ya wuce kima, amma girma ya fi son ƙoshi madaidaici. Ɗigon nan da ke rataye a jikin murfi yana sakin ruwansa a matsayin tururi zuwa ramin farantin gwaji da ke ƙasa, yana ƙara kauri. Idan kaurin ya zo da sauri, ɗaruruwa ne za su fito lokaci guda su rabe ɗan furotin ɗin da ke ciki. Ka san yadda gero yake idan an cusa iri da yawa a rami ɗaya ba a rage ba.

To ka sauko. Tunda a kashi 20 cikin ɗari na PEG 3350 ka samu allurai, jera 18, 16, 14 da 12 a layi guda, sannan ka motsa pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, da 0.2 daga layi zuwa layi. Sauran abubuwa ka bar su yadda suke, in ba haka ba ko an dace ba za ka san dalili ba. Ka tace ruwanka da matatar maikuromita 0.22, domin ƙura ma kan zama wurin haihuwa.

Abin da na fi so ka iya shi ne shuka iri. Allurar da kake raina ita ce irinka. Ɗauki gashin bakin kyanwa guda ɗaya, ka shafi alluran da shi, ka ja layi a cikin sabon ɗigo mai ƙarancin PEG, wanda da kansa ba zai haifi komai ba. Gashin yana ɗauke da ɓurɓushin da ido ba ya gani. Bayan 'yan kwanaki za ka ga kiristal sun jeru a kan layin. In sun yi yawa, ratsa ɗigo biyu ko uku a jere da gashin ba tare da ka koma ga alluran ba. Na ƙarshen ya kan ba da kaɗan masu girma. Har yau raina yana yin fari idan na ga layin nan ya fito.

Ka fara gwada hannunka da laisozayim, furotin na farin ƙwan kaza, wanda David Phillips da abokan aikinsa suka fitar da siffarsa a Landan a 1965. A ruwan asitet mai pH 4.5 da gishiri, kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi.

Sai zafi. Ajiye faranti ɗaya a digiri 20, ɗaya a digiri 4, nesa da duk injin da ke girgiza tebur. Ka bar su kwana uku ba ka taɓa ba, ranar Alhamis ka kawo mu duba tare.