Yara suna rera kalmomi a allo amma ba sa gane su

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce yaranki 'yan shekara biyar zuwa shida suna karanta kalmomin allo baki ɗaya, amma da kin tsamo ɗaya daga tsakiya kin nuna wa yaro shi kaɗai sai ya yi tsuru-tsuru, shi ya sa kike neman wasannin da za su taimaka. Na daɗe a ƙananan azuzuwa, bari in faɗa miki abin da na gani.

Jerin suka haddace, kalmomin ba su shiga ba tukuna. Gobe ki dubi idanunsu suna rerawa, za ki tarar da yawansu bakinki suke kallo ko na makwabcinsu. Don haka kowane wasa aka ba ki shawara, ki auna shi da tambaya guda: yaro zai iya cin wannan wasa bai dubi haruffa ba? In zai iya, ki ajiye shi, komai daɗinsa.

Na taɓa samun wata yarinya da ba ta taɓa kuskure a katin "kuma". Ran da aka rubuta kalmar a sabon kwali sai ta tsaya tana juya shi a hannu, tana neman wani abu. Ashe gefen tsohon katin ne ya lanƙwashe, da shi take gane shi. Yara suna da wayo, duk alamar da ta fi haruffa sauƙi ita za su kama. Ki yi katunanki girma ɗaya, launi ɗaya, ba zane, kuma ki riƙa sabunta su.

Za ki ji ana maganar jerin Dolch, kalmomi 220 da wani malami Ba'amurke, Edward Dolch, ya fitar a 1936, waɗanda suka fi yawo a littattafan yara na Turanci. Mutane da dama sun ɗauka haddace surarsu ake yi kamar hoto, saboda wasunsu ba a furta su yadda aka rubuta. Amma binciken Linnea Ehri, wata masaniya kan yadda yara ke koyon karatu, ya nuna kalma tana zama daram a ƙwaƙwalwa ne idan yaro ya haɗa kowane sauti da harafinsa. In kuwa Hausa kike koyarwa, aikinki ya fi sauƙi, domin yawanci abin da aka rubuta shi ake furtawa. Ki fara sa su fasa kalmar sauti-sauti, sannan wasa ya biyo baya ya ƙara musu sauri.

Wasan da na fi yarda da shi shi ne na murafun kwalba. Ki rubuta harafi ɗaya a kan kowane murfi, ki zuba wa yara biyu-biyu. Ki faɗi "ita", su tono haruffan su jera. Sannan ki ce su rufe ido, ki ɗauke harafi guda ko ki sauya musu wuri, su buɗe su gyara. A nan ba zancen cinke, dole yaro ya san me ke gaba me ke baya. Za ki ga leɓɓansu suna motsi suna lalubo sautin, wannan motsin shi kike nema.

Sai kuma na tsalle: ki rubuta kalmomi da alli a ƙasa, ki kira ɗaya, yaro ya dira a kanta ya karanta da ƙarfi. Sirrinsa shi ne ki haɗa masu kama da juna, "na" da "nan", "ba" da "da", "da" da "ɗa", don ido ya koyi bambance su. Ki goge ki canja musu wuri bayan kowane zagaye.

Abin da nake roƙonki shi ne ki guji wasan da ake fitar da wanda ya faɗi. Yaron da ya fi kowa buƙatar maimaici shi ne farkon fita, ya zauna yana kallon gwanaye suna ƙara gwanancewa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. In ya kuskure, ki faɗa masa kalmar nan take, ya bi haruffan da yatsa, ki sake kawo masa ita bayan ɗan lokaci ya ci da kansa.

Kada ki cika musu ciki. Sababbin kalmomi uku zuwa biyar a mako sun isa, ki riƙa cuɗa su da na makonnin baya. Minti goma kullum ya fi awa guda sau ɗaya a mako. Ƙarshen mako kuma ki rubuta gajeriyar jimla da kalmomin da suka koya, kamar "Ita ce ta ba ni", ki kira su ɗaya bayan ɗaya su karanta miki a hankali. Kalmar da ta kakare wa yaro a cikin jimla, ki mayar da ita cikin wasan mako mai zuwa.