Taswirar tudu da kwari daga tauraron ɗan'adam: yaya ingancinta?

Tambaya: An ba ni taswirar tudu da kwari da aka fitar daga hotuna biyu na tauraron ɗan'adam. An ce kowace ƙwayar hoton, wato ɗan ɗigo ɗaya cikin ɗigogin da suka haɗa hoton, rabin mita ce a ƙasa. Shin awon tsayin ma kuskurensa bai wuce rabin mita ba? Magudanar ruwa nake son tsarawa.

Amsa: A'a, malam. Girman ƙwayar hoto daban, ingancin awon tsayi daban.

Miƙe yatsanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya. Ka ga yatsan ya yi tsalle? Da irin wannan tsallen ake auna tsayi. Tauraron yakan ɗauki wuri yana tunkararsa, ya sake ɗauka bayan ya wuce, sai kwamfuta ta nemo abu guda a hotunan biyu, ta auna yadda ya gusa.

To, a nan lissafin yake. Ana raba tazarar da ke tsakanin wuraren ɗaukar biyu da nisan tauraron daga ƙasa. A na'urar ASTER mai ɗaukar hoton ƙasa daga sararin samaniya, wadda aka harba a 1999, amsar 0.6 ce, ƙwayar hotonta kuma mita 15. In kwamfuta ta kuskure da rabin ƙwaya, wato mita 7.5, raba da 0.6, kuskuren tsayi ya kai mita 12.5. Taurarin Pléiades na Faransa kuwa a santimita 70 suke ɗauka, ko da yake a 50 ake miƙa hoton. Rabin ƙwaya, wato santimita 35, in amsar rabon 0.3 ce, kuskuren tsayi ya haura mita ɗaya ke nan. Faɗin tazara yana rage kuskuren, amma in tazarar ta yi faɗi ainun kuma, hotunan ba sa kama da juna, gine-gine da duwatsu suna kare abin da ke bayansu.

Abin da ya fi damuna shi ne taswirar gaba ɗayanta tana iya gocewa da 'yan mitoci, a ido kuwa sumul. Maganinsa a je fili a auna wasu wurare da GPS irin na safiyo, a ɗaure taswirar a kansu, a ware wasu don gwaji kawai.

Rairayi, ruwa, inuwa da dusar ƙanƙara suna rikita kwamfuta, don ba ta da abin kamawa. A daji kuma saman bishiyoyi take aunawa, ba ƙasa ba.

Yi amfani da taswirar ka gane inda ruwa ke dosa. Amma a shimfiɗaɗɗen fili, inda santimita 20 ke juya ruwa, gangaren magudana sai da awon safiyo a ƙasa.